Yadda ake amfani da fedar oktaf don gyara muryar jitar lantarki

Yawancin ƙungiyoyin da ke kiɗa da jitar lantarki a nan Kebbi ƙanana ne. Ka leƙa majami'un Zuru, ko wurin biki a Yauri, ko wani ɗan situdiyo a Birnin Kebbi, za ka tarar da mai fiyano, mai ganga, da mai jita ɗaya. Mai bes kuwa yau akwai shi, gobe ya yi tafiya. Jita ɗaya tilo a tsakiyar wannan hayaniya muryarta siririya take fita, sai samari su yi ta ƙure ƙarar amfilifaya, kunnen jama'a na zafi amma sautin bai yi kauri ba. Fedar oktaf, wato ɗan akwatin da ake haɗawa tsakanin jita da amfilifaya ana taka shi da ƙafa, na maganin wannan, sai dai ba ta da kara. Duk abin da hannunka ya aika mata shi za ta ninka, mai kyau ko marar kyau. Shi ya sa rabin wannan bayani a kan jitarka da yatsunka yake, ba a kan fedar ba.

Abin da fedar take yi

Idan maza da mata suka haɗu suna rera waƙa ɗaya, muryar matan tana sama, ta mazan tana ƙasa, amma ba wanda zai ce sun saɓa. Sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu oktaf guda ce. A lissafi abin ninki ne kawai. Sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana girgiza sau 440 a sakan ɗaya. A ɗin da ke samansa sau 880, na ƙasansa sau 220. A jikin jitarka ma kana iya gani: a cikin 'yan ƙarafan nan da aka gicciya a wuyan jita, waɗanda ake kira firet, firet na 12 shi ne daidai rabin tsirkiya, kuma in ka danna nan za ka ji sautin buɗaɗɗiyar tsirkiyar ne ya hau oktaf guda.

Fedar tana sauraron abin da ka kaɗa, ta ƙirƙiro irinsa a sama ko a ƙasa, ta gauraya da muryar jitarka ta asali. Da can da hannu ake yin wannan, a danna tsirkiya biyu a lokaci guda, kuma Wes Montgomery, makaɗin jaz na Amurka, da babban yatsansa ya yi suna a kan haka. Fedar ta sauƙaƙa aikin, ta kuma kai ka inda tsirkiyar jita ba ta iya sauka.

Mataki na farko: san wace iri ce a hannunka

Iri uku ne, kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai. Wanda bai san wacce ya saya ba zai yi ta zargin ta lalace alhali aikinta take yi.

Ta farko ita ce analog mai saukar da sauti. Uwarsu ita ce Boss OC-2, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta fito a 1982. A cikinta akwai wani sashe da ke ƙirga girgizar tsirkiya, duk biyu ya mayar da su ɗaya, sai sautin ya faɗo oktaf guda. In aka sake rabawa, ya faɗo oktaf biyu. Abubuwan murɗawarta uku ne: OCT 1 na oktaf guda ƙasa, OCT 2 na oktaf biyu ƙasa, da DIRECT LEVEL na muryar jitar ta asali. Muryarta tana da taushi da nauyi, ba ta jinkiri ko kaɗan, amma sauti ɗaya tak take iya bi a lokaci guda. Ka kaɗa tsirkiya biyu tare sai ƙirgar ta rikice, ta fara gurnani tana tsalle tsakanin sama da ƙasa.

Ta biyu ita ce mai hawa sama tare da foz, wato wannan ƙazamar murya mai ƙaiƙayi. Roger Mayer, wani injiniya ɗan Ingila, shi ya ƙera wa Jimi Hendrix irinta a 1967, aka sa mata suna Octavia. Dabararta daban ce. Igiyar sauti tana hawa tana sauka, sai ita ta kama rabin da ya sauka ta juyo da shi sama, tudu ɗaya ya zama biyu, girgiza ta ninka. Wannan ba ta san tsabta ba, kuma ba don tsabta ake sayenta ba.

Ta uku ita ce dijital, mai 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke iya bin kod gaba ɗaya, wato sautuka da yawa da aka kaɗa tare. Boss OC-3 ta zo da wannan a 2003, Electro-Harmonix suka fito da POG a 2005, daga baya ƙaramarta Micro POG mai abubuwan murɗawa uku, sannan Boss OC-5 a 2020, wadda ta haɗa halin tsohuwar OC-2 da na dijital a akwati ɗaya. DigiTech Whammy, da ta fara fitowa a 1989, ita ma tana cikin dangin, sai dai ita da ƙafa ake lanƙwasa sautin. Aibin dijital biyu ne: ɗan jinkiri tsakanin kaɗawa da fitar sauti, wanda yatsa ke ji kafin kunne, da kuma wani ƙarfe-ƙarfe da ke cikin oktaf ɗinta na sama.

In kuma abin da kake da shi babban allo ne mai haɗe-haɗe irin na Zoom ko Boss, waɗanda su suka fi yawa a hannun 'yan jitarmu, duba cikin jerin sunayen da ke ciki za ka ga OCTAVE ko PITCH SHIFTER. A na biyun, ka sa lamba a kan -12 don oktaf na ƙasa, +12 don na sama, domin oktaf guda matakai 12 ne, daidai da firet 12. Duk abin da zan faɗa a gaba ya shafe ka.

Wacce ta dace da kai? Salon kiɗanka ne zai faɗa. Samarinmu da yawa, musamman na wajen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka, kunnensu na kan 'yan jitar Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar. A wannan salon babban yatsa yana riƙe da buɗaɗɗiyar tsirkiya tana amo ba yankewa, sauran yatsu na yawo a sama, kamar yadda mai gurmi ko garaya ke yi. Sauti biyu ke nan a kowane lokaci, kuma analog ba za ta jure ba. Haka ma 'yan majami'a masu kiɗan makosa da hailaif, waɗanda ke danna tsirkiya bibbiyu can ƙasan wuyan jita, wajen gangar jikinta. Waɗannan duka dijital ce tasu. Analog ta mai kaɗa sauti ɗaiɗai ce, mai son layi mai nauyi. Ni dai a kunnena analog ta fi daɗi nesa ba kusa ba, amma da za a ce in zaɓar wa wanda kuɗin feda ɗaya kawai gare shi, dijital zan ce ya saya.

Mataki na biyu: wuta

A nan fedoji suka fi mutuwa a wurinmu, don haka kada ka yi gaggawa.

Mafi yawansu bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar dole ya zama negatif. Za ka ga ɗan zane kusa da ramin wutar, alamar ragi tana nuni da tsakiya. Adaftar dikoda da ta rauta da ke yawo a gidajenmu bakinsu kan shiga ramin daidai, amma galibinsu bolt 12 ne kuma tsakiyarsu fozitif. Shigar baki ba shaida ba ce. Minti ɗaya ya isa ka ji ƙauri.

In ba ka amince da rubutun jikin adafta ba, kai ta wurin mai gyaran rediyo. Ka ce, "Malam, don Allah auna mini wannan, tsakiyar me ce?" Zai tura jan tsinken mitarsa cikin ramin bakin, ya ɗora baƙin a gefen ƙarfen waje. In ka ga lamba ta fito da alamar ragi a gabanta, kusa da 9, to tsakiya negatif ce, ka samu. In ta fito ba ragi, ka ajiye ta ga dikoda.

Sai batun yawan wutar da take sha. Analog kaɗan take ci, batir ɗaya zai daɗe, muddin kana zare wayar jita daga ramin INPUT bayan ka gama, don a irin fedojin Boss barin wayar a ciki yana ci gaba da shanye batir ko da fitilar a kashe take. Dijital kuwa ci gare ta. Micro POG ma ba ta da wurin batir sam. Karanta lambar mA da ke jikin fedar, wato yawan wutar da take sha, ka tabbatar ta adaftar ta kai ta ko ta fi ta. In wuta ta gaza, fedar dijital sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa a tsakiyar waƙa. Kuma ka ba ta adaftarta ita kaɗai, don in ka jera ta a waya ɗaya da fedojin analog sau da yawa za ka ji wani siririn kuka a sifika.

Kayan da aka kawo daga Amurka a duba su da kyau. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Adaftar da ba a rubuta 100-240V a jikinta ba kada ta kusanci soket. Sannan in za a juya daga wutar gari zuwa janareta, zare kayanka tukuna, sai injin ya zauna ka mayar.

Mataki na uku: gyara jitar kafin ka taka komai

Fedar oktaf, musamman analog, tana neman asalin sautin ne, wato girgizar da ta fi kowacce ƙasa a cikin abin da ka kaɗa. Amma tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. A kan asalin akwai ƙananan muryoyi da ke hawa bisa, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta fi asalin ƙarfi, fedar sai ta bi ta. Wannan shi ne tsallen da kake ji. Aikinka shi ne ka ƙarfafa asalin, ka danne sauran.

Fikof su ne 'yan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi masu ɗaukar sauti. Juya makunninsu zuwa na wajen wuya. Fikof ɗin da ke kusa da gada, wato inda aka kafe tsirkiyoyi a gangar jikin jita, yana zaune ne inda tsirkiya ba ta lilo sosai, abin da yake kamawa kaifi ne. Na wuya yana kama cikar sautin. Sannan ka rage TONE na jikin jitar zuwa wajen rabi. Waɗannan abubuwa biyu kaɗai suna kashe mafi yawan ƙorafin da ake yi a kan fedar.

Daidaita tsirkiyoyin da tiyuna, wato na'urar da ke nuna ko sautin tsirkiya ya yi daidai, ba da kunne kawai ba. In sun yi tsatsa, canza su, domin tsohuwar tsirkiya ba ta riƙe sauti a tsaye. Lokacin hunturu kuma itacen wuyan jita yana bushewa ya ɗan motsa, sai ka ji tsirkiya na gogar firet tana zizza. Ba tare da feda ba za ka iya haƙuri da wannan. Da feda, zizzar ma sai an yi mata oktaf. In ka ji haka, kai wa wanda ya san saitin wuya, kada ka kama murɗa ƙarfen ciki da ka.

Mataki na huɗu: ina za ta zauna a layi

Ƙa'idar ita ce oktaf a gaba, kusa da jita. Jita ta shiga tiyuna, daga nan kwamfuresa in kana da ita, sai oktaf, sai obadiraib ko distoshan masu sa murya ta yi ƙaiƙayi, sai koros mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu, sai dile da eko masu maimaita sauti a ƙarshe. Dalili shi ne distoshan yana ƙara waɗancan ƙananan muryoyin da muke ƙoƙarin dannewa, eko kuma yana maimaita sautin da ya wuce a kan wanda ke zuwa, ya zama sauti biyu. In ka sa su gaban oktaf, ka ba ta abin da ba za ta iya karantawa ba. Kwamfuresa kuwa taimako take yi, don tana riƙe ƙarfin sauti daidai, fedar ba ta saurin ɓatar da shi yayin da yake mutuwa.

Irin Octavia ita ce ta fita daban. Ta fi son ta ji jita kai tsaye, ba komai a tsakani, don haka ita ce farko.

Akwai masu sa oktaf na dijital bayan foz da gangan don su samu murya irin ta injin kiɗa. Wannan ba laifi ba ne, amma bari sai ka iya na daidai tukuna.

Mataki na biyar: saitin farko

Kashe duk sauran fedoji. Sa amfilifaya a kan muryarta mai tsabta, BASS, MIDDLE da TREBLE duk a tsakiya, ƙara kuma ƙasa-ƙasa.

A jikin fedar, mayar da duk oktaf zuwa sifili. Buɗe DIRECT ko DRY, wato muryar jitar ta asali, ka riƙa taka fedar kana kashewa har sai ƙarar ta zama ɗaya a kunne da a kashe. Wannan shi ne ma'auninka. Wanda ya tsallake wannan zai ɗauka fedar ta gyara sauti alhali ƙara kawai ta ƙaru.

Yanzu danna tsirkiya ta huɗu a firet na 7. Wannan A ne mai girgiza 220. Kaɗa shi a hankali, kana buɗe oktaf na ƙasa kaɗan-kaɗan. Za ka kai wani wuri da za ka ji jitar ta yi ƙiba amma ba ka jin murya ta biyu a fili. Tsaya nan, ka lura da inda alamar take. Ci gaba da buɗewa har muryar ƙasan ta fito ta tsaya da kanta. Ka lura da nan ma. Tsakanin waɗannan wurare biyu duk aikinka zai kasance. Na farko don raka mawaƙi, na biyu don lokacin da aka bar maka fili.

Daga nan ka bi tsirkiyar firet bayan firet, kana komawa wajen kan jita, sannan ka koma ta biyar da ta shida. In analog ce, akwai inda za ka ji ta fara rawa. Yawanci daga firet na 5 zuwa na 12 ta fi natsuwa, buɗaɗɗun tsirkiyoyi masu kauri kuma su suka fi ba ta wuya. Kowace jita da inda tata iyakar take. Ka san taka, ka tsara layinka a cikinta.

OCT 2 fa? Ga lissafin. Tsirkiya ta shida a buɗe tana girgiza kusan sau 82. Oktaf guda ƙasa 41 ke nan, daidai da tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu. Oktaf biyu ƙasa ya zama wajen 20, wanda shi ne bakin iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Ba kiɗa za ka samu a nan ba, takardar sifika ce kawai za ta yi ta fafutuka. Amma a tsirkiya ta uku firet na 12, inda girgiza take 392, oktaf biyu ƙasa 98 ne, kuma wannan yana da daɗi. Saboda haka OCT 2 na mai wasa can ƙasan wuya ne, kuma ko a nan ɗan kaɗan ya isa.

Mataki na shida: hannu

Wannan ne ba a saya a kasuwa. Duk tsirkiyar da ba ka kaɗawa dole ta yi shiru. Gefen tafin hannun dama ya kwanta a kan masu kauri, cikin yatsan manuni na hagu ya taɓa sirara. Kafin ka kaɗa sabon sauti, ɗaga yatsa daga tsohon ya mutu. In suka haɗu ko na ɗan lokaci ne, analog za ta yi kaki.

Kada ka daki tsirkiya da ƙarfi. Duka mai ƙarfi yana fito da kaifi a farkon sauti, fedar ta yi tuntuɓe kafin ta kama. Matsar da hannunka daga gada zuwa wajen wuya, in ma za ka iya, ajiye robar kaɗawa ka yi da naman babban yatsa. Za ka ji bambanci nan take.

Sannan kada ka bar sauti ya mutu da kansa. Yayin da yake raunana, asalin kan riga ƙananan muryoyin ɓacewa a kunnen fedar, sai ta yi 'yar ɓarɓarniya a wutsiya. Yanke shi da hannunka tun yana da rai.

Gwajin da nake ba masu koyo shi ne su rufe DIRECT gaba ɗaya, su bar oktaf na ƙasa kaɗai, su kaɗa wata waƙa mai sauƙi da suka haddace, a hankali. Ba inda kuskure zai ɓuya. Kwata ɗaya na awa kullum, cikin 'yan makonni hannun zai tsabtace, kuma tsabtar za ta bi ka har lokacin da fedar ke kashe.

Muryoyin da za ka iya fitarwa

Don kaurin solo, wato lokacin da aka bar maka fili, DIRECT a cike, oktaf na ƙasa wajen kashi ɗaya cikin uku, ɗan obadiraib a bayansa. Wannan shi ne abin da za ka fi amfani da shi, kuma in ka yi shi daidai ba wanda zai san ka taka wani abu, za a dai ce jitar ta cika ɗaki.

Don maye gurbin bes ranar da mai bes bai zo ba, rufe DIRECT ko ka bar ɗan kaɗan, buɗe oktaf na ƙasa sosai, ka yi wasa da yatsa a tsirkiya ta huɗu da ta biyar. Ka kuma yi tunani irin na mai bes: sauti kaɗan, a kan bugun babbar ganga. Jack White na ƙungiyar White Stripes, wadda ba ta da mai bes, da jita da Whammy ya riƙa fitar da irin wannan murya, mutane da yawa suka ɗauka bes ce.

In OC-3 ko OC-5 gare ka, akwai abin da ya fi wannan. Sa ta a POLY, wato saitin da ke bin kod, ka murɗa RANGE baya. Wannan yana taƙaita oktaf ɗin ga ƙananan sautuka kawai, na sama su fita yadda suke. A OC-5, in ka kai shi ƙarshe inda aka rubuta LOWEST, sauti mafi ƙasa a cikin kod ɗin kaɗai za ta saukar. Ga mai salon 'yan jitar Nijar da na ambata wannan kamar don shi aka yi: babban yatsa ya zama bes, sauran yatsu su ci gaba da zama jita.

Don muryar jita mai tsirkiya 12, rufe na ƙasa, buɗe oktaf na sama kaɗan a dijital, ka ƙara ɗan koros. Ba za ta zama ita sak ba, domin a ta gaskiya tagwayen tsirkiyoyi huɗu masu kauri ne kawai ke da oktaf, biyun sirara muryarsu ɗaya, ita kuwa feda kowanne take ɗagawa. Amma a cikin taro ta wadatar. In kuma ka buɗe sama da ƙasa daidai wa daida ka rage DIRECT, sai ta koma kamar ogan na majami'a, musamman in ka kaɗa kod da ƙarar jita a rufe sannan ka buɗe a hankali da ɗan ƙaramin yatsa. Yana da kyau a waƙoƙin natsuwa, sai dai ka tambayi mai fiyano tukuna, don gonarsa ka shiga.

Irin Octavia kuwa sai daga wajen firet na 12 zuwa gaba take nuna kanta, a fikof na wuya, TONE a rage, ƙarar jita a ɗan sassauta. A can saman wuya, wajen kan jita, foz kawai za ka ji. Tsirkiya biyu tare suna ba da wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Wasu na so.

Mataki na ƙarshe: sifika da sauran 'yan ƙungiya

Sifikar amfilifayar jita, ko da mai inci 12 ce, ba a yi ta don abin da ke ƙasa da girgiza 70 zuwa 80 ba. Ƙananan na koyo masu inci 6 ko 8 kuwa ba a magana. In ka tura musu 41 da ƙarfi za ka ji suna ɓarɓar, kuma in ka nace za ka kai su wurin mai naɗin sifika. Rage BASS a amfilifaya duk lokacin da oktaf na ƙasa ke kunne. In fedarka na da mafita biyu, kamar DIRECT OUT a OC-3 da OC-5 ko DRY OUT a Micro POG, aika muryar jita zuwa amfilifayarka, oktaf ɗin kuma zuwa amfilifayar bes ko miksa mai manyan sifikoki. A nan ne za ka ji abin da ka saya.

Na taɓa zama a wani gwajin waƙa a Zuru, ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti. Yaron da ke jita ya buɗe oktaf na ƙasa ya ƙure, mai bes na gefensa, mai fiyano kuma hannunsa na hagu na can ƙasa. Mutum uku a wuri ɗaya. Kwanon rufi na ta karkarwa, ba ka jin kalma ɗaya daga bakin mata masu amshi. Dattijon da ke jagorantar mawaƙa ya ɗaga hannu aka tsaya, ya ce, "Ɗana, wannan gurnanin daga wurinka yake?" Yaron ya ce, "Baba, sabuwar feda ce." Ya ce, "To ka ce mata ta bari mu ji waƙa." Abin da aka yi a ƙarshe shi ne ya kashe na ƙasa a duk inda ake rerawa, ya bar ɗan na sama, sai a tsakiyar waƙa inda aka ba shi fili ya taka na ƙasan, mai bes kuma ya koma riƙe sauti ɗaya. Saitin da ya yi maka daɗi kai kaɗai a ɗaki kusan kullum ya yi yawa a cikin ƙungiya, don haka ka rage shi kafin a ce maka.

In za ka sayi ta hannu

Sababbi sai an aiko daga Legas ko Kano, kuma farashinsu na bin dala, don haka yawancinmu ta hannu muke saya. Je da jitarka da wayarka, kada ka yarda da gwajin da mai sayarwa zai yi maka da tasa. Murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Ƙarar ƙwar-ƙwar yawanci ƙurar hunturu ce ta shiga, kuma ana wanke ta da feshin da masu gyaran rediyo ke amfani da shi, ba abin fasa ciniki ba ne, abin neman ragi ne. Girgiza wayar a bakin INPUT da OUTPUT ka ji ko sauti na yankewa. Taka makunnin sau da yawa a jere. Buɗe wurin batir ka duba ko ruwan batir ya ci wayoyin. In dijital ce, bar ta a kunne kamar minti 10 kana wasa, don wasu sai sun ɗumama suke nuna cutarsu. In tsohuwar OC-2 ce aka rubuta ACA a jikin takardarta, ka sani an yi ta ne don tsohuwar adaftar Boss, kuma da adaftar bolt 9 ta yanzu fitilarta kan yi dishi-dishi, sai ka gwada ta da sabon batir kafin ka yanke mata hukunci. Bayan ka kawo ta gida, samo mata jaka mai zif, kuma kada ka bar ta a cikin but ɗin mota ko akwatin babur a ranar watan Afrilu.